Google, OpenStreetMap ko safiyo: wace taswira ce za ta yi maka aiki a Zariya?

Matar da ke sayar da atamfa da turare ta WhatsApp tana tura 'yan acaɓa daga Sabon Gari zuwa cikin birni, da matasan unguwa da ke son nuna wa ƙaramar hukuma kwalbatocin da suka toshe kafin damina ta faɗi, da ɗalibin Samaru da ke haɗa manhajar kiran keke napep, da magidancin da ya sayi fuloti a wajen Ɗan Magaji, duk in ka tambaye su za su ce taswira suke nema. Sai dai ba iri guda ce za ta biya musu buƙata ba, kuma wanda ya ɗauki wadda ba ta dace da aikinsa ba yakan yi nisa, ya zuba kuɗi da lokaci, kafin ya farga. Hanyoyi huɗu ne a gaban mai nema: ya tsaya kan Google Maps da kowa ya sani, ya koma OpenStreetMap da jama'a ke zanawa da hannunsu, ya biya kamfanin taswira, ko ya ɗauko safiyo.

Yadda kasuwar ta juya

A 2008 kamfanin Nokia ya kammala sayen Navteq a kan dala biliyan 8.1, a shekarar kuma TomTom ya sayi Tele Atlas a kan yuro biliyan 2.9. Abin da aka biya wa wannan dukiya shi ne bayanan tituna: sunan kowane titi, inda ya faro, inda ya ƙare, inda aka hana juyawa. Motoci waɗannan kamfanoni ke turawa su bi hanyoyi su tattaro, duk mai son sa taswira a mota ko a waya kuwa sai ya biya su. Tun 2004 wani ɗan Ingila, Steve Coast, ya riga ya fara OpenStreetMap, domin hukumar taswira ta ƙasarsa tana tsare bayananta da lasisi mai tsada. Tsarin da ya kawo shi ne kowa ya zana inda ya sani, kowa kuma ya ɗiba kyauta.

A 2015 Nokia ya sayar da sashen taswirarsa, wanda aka sa wa suna HERE, ga Audi da BMW da Daimler a kan yuro biliyan 2.8. A Disambar 2022 kuma Amazon da Meta da Microsoft da TomTom suka haɗu suka kafa Overture Maps Foundation don samar da buɗaɗɗun bayanan taswira, kuma OpenStreetMap na cikin manyan tushen da suke ɗiba. Wato TomTom da ya zuba biliyoyi don ya mallaki taswira, yau yana cikin masu amfana da aikin sa-kai. Zanen titi shi kaɗai ya daina zama haja mai tsada. Abin da kamfanoni ke sayarwa yanzu shi ne labarin cunkoso na nan take, da nemo shago, da talla, da alkawarin cewa sabis ba zai tsaya ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kamfani yakan kashe kuɗinsa ne inda zai dawo masa. Lungunan Kwarbai ko Limancin Kona ba za su kawo wa wani kamfanin Amurka tallar da za ta sa ya turo ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuɗi, amma ba na yau kaɗai ba. A tambaya: in aikin ya bunƙasa ya ninka sau goma, nawa za a biya, kuma da naira ne ko da dala? Na biyu ɗorewa, wato wa ke riƙe da bayanan, kuma in mai su ya canza shawara gobe me zai rage a hannunka. Na uku sauƙi: shin yaron shagonka mai ƙaramar wayar Android zai iya amfani da ita, ko da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke? Na huɗu haɗari, na kuskure da na shari'a da na tsaro.

Na biyar shi ne wanda na fi ba nauyi, wato sanin gari. Ka tsaya a Ƙofar Doka da hantsi ka ga ɗan acaɓa ya faka, kwali a kan tanki, waya maƙale a kunne. "Hajiya, ga ni a ƙofar." Sai ka ji muryar ta fito: "To ɗana, ka miƙe, in ka wuce taransifoma ka karya hannun dama, za ka ga mai ƙosai, ka tambaye ta gidan Liman." Mai ƙosai kuwa ta tashi tun ƙarfe goma. Katin waya ya tafi, fetur ya tafi, kayan ba su isa ba. Kwatance irin wannan shi ne adireshin mafi yawan gidajen cikin ganuwa, da na Tudun Jukun da Gyallesu da sabbin unguwannin da ke tsirowa a gefen gari. Taswirar da ta san titin Kaduna zuwa Kano amma ta makance daga an shiga lungu, rabin aiki ta yi wa mutumin Zazzau.

Google Maps

Ga mai neman hanya kawai, wannan ce ta fi sauƙi, babu ja. Tana zuwa a cikin kusan kowace wayar Android, ba sai an koya wa kowa ba, kuma ba a biyan ko sisi. Tun 2019 aka ƙara wa Najeriya tsarin nuna hanya ga masu babur. Tana nuna cunkoso a manyan tituna saboda tana karanta motsin wayoyin da ke kan hanya, abin da taswirar sa-kai ba ta da shi. Mai shago a PZ ko Kwangila yana iya sa shagonsa a kai kyauta, da lokacin buɗewa da hotuna, masu saye kuma su same shi. Akwai kuma lambar wuri da ake kira Plus Code, gajeriyar lamba ce da ke nuna daidai ƙofar gida ko da titin ba shi da suna, kuma tsarinta a buɗe yake, wasu manhajoji ma na karanta ta.

Lissafi yana canzawa ne ranar da ka ce za ka sa taswirar a cikin manhajarka ko shafinka. A nan kai abokin ciniki ne, da dala za ka biya. A 2018 Google ya ɗaga farashin buɗe taswira daga rabin dala zuwa dala 7 a kan kowane buɗewa 1,000, ya kuma rage na kyauta daga 25,000 a rana zuwa kimanin 28,000 a wata. A Maris ɗin 2025 ya sake tsari, na kyauta ya koma 10,000 a wata. Bisa wannan farashi, shafin intanet da aka buɗe taswirarsa sau 50,000 a wata zai biya dala 280, ban da kuɗin neman adireshi da na fitar da hanya, waɗanda kowanne lissafinsa daban. Ɗalibin da ke karɓar kuɗin keke napep da naira ya juya wannan adadi zuwa naira tun kafin ya rubuta layin farko.

Wajen ɗorewa, kamfanin ba inda za shi, amma ka'idojinsa nasa ne. Daga 2008 yana da wani dandali, Map Maker, inda jama'a ke zana tituna da kansu, mutane da yawa a Afirka da Asiya suka ba da lokacinsu, sai aka rufe shi a 2017. Har yanzu ana iya aika gyara, amma kamfanin ke dubawa ya karɓa ko ya ƙi. Sharuɗɗansa kuma sun hana ka kwafe bayanan ka ajiye a rumbunka, ko ka bi hotonsu ka zana taka taswirar. Za ka iya sauke yanki ka yi amfani da shi ba data, sai dai a wannan hali hanyar mota kaɗai take fitarwa, ba ta ƙafa ba, alhali yawancin lungunan birni na ƙafa da babur ne. Haɗarin da ya rage shi ne na sirri, domin in an kunna ajiye tarihin wuri, wayar na tara wuraren da ka je.

OpenStreetMap

Wannan aikin gayya ne: kowa ya zo da fartanyarsa, gonar kuma ta kowa ce. Mutum zai buɗe asusu kyauta, ya ga hoton tauraron ɗan adam na unguwarsa (Bing na Microsoft da kamfanin taswira na Esri sun yarda a bi hotunansu a zana), ya ja layin lungu, ya sa masallaci, da rijiyar burtsatse, da makarantar allo, da injin niƙa. Cikin mintuna gyaran zai bayyana a babban shafin. Sama da mutum miliyan 10 ne suka yi rajista a duniya, ko da yake masu zane a kai a kai kaɗan ne daga cikinsu.

An jarraba ta a wurare masu wuya. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta Janairun 2010, masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban sun zana birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da ita. A 2014 an yi haka a garuruwan Gini da Laberiya da Saliyo lokacin Ebola. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Kibera a Nairobi: unguwa ce maƙil da jama'a da taswirori suka bar ta kamar fili, sai a 2009 matasan wurin suka zana ta da kansu, da famfuna da makewayi da asibitoci. A Darussalam ta Tanzaniya, daga 2015, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka zana magudanan ruwa saboda ambaliya. A nan arewa ma, yaƙi da shan inna ya koya mana darajar taswira: da aka koma ga hoton tauraro da wayoyi masu GPS, an gano ƙauyuka da rugagen da taswirar hannu ta masu rigakafi ta tsallake. Mutum ba zai kai magani inda bai san akwai gari ba.

Har 'yan kasuwa sun gane haka. Kamfanin Grab na kudu maso gabashin Asiya ya gina tasa taswirar, wadda ya ƙaddamar a 2022, yana haɗa bayanan OpenStreetMap da abin da masu baburansa ke tattarowa, saboda ƙananan lungunan biranen can ba sa cikin taswirorin da yake haya.

Kuɗi fa? Bayanan kyauta ne, za ka iya sauke na Najeriya gaba ɗaya daga shafi irin Geofabrik ka ajiye a kwamfutarka. Manhajoji irin Organic Maps da OsmAnd suna sauke taswira a waya su yi aiki ba data, har da hanyar ƙafa da ta keke. Amma a nan ne mutane ke ruɗuwa: bayanan ne kyauta, ba na'urorin da ke aiko hoton taswira ba. Waɗannan da gudummawa ake tafiyar da su, an hana ɗora musu nauyin kasuwanci, wurin neman adireshi ma ba a yarda a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa ba. Mai manhaja sai dai ya kafa tasa na'urar, ko ya biya wani kamfani irin MapTiler ko Mapbox. Bambancin shi ne in wannan ya tsawwala maka, ka kwashi bayananka ka koma wancan.

A ɗorewa babu mai kama ƙafarta. Tun 2012 lasisinta ODbL ne, sharaɗinsa biyu: ka rubuta a jikin taswirarka cewa daga masu ba da gudummawar OpenStreetMap ta fito, in kuma ka gyara rumbun bayanan ka fitar wa jama'a, ka bar shi a buɗe kamar yadda ka same shi. Ba wanda zai wayi gari ya karɓe abin da ka riga ka sauke. Kowane gyara kuma yana da tarihi, da sunan asusun da ya yi da ranar, ana iya mayar da shi.

Wajen sauƙi ba zan yi maka daɗin baki ba, sai an koya. Kallo ba wuya, zane ne ke son horo na 'yan kwanaki da mai dubawa. Hanyar da ta fi dacewa da unguwanninmu ita ce ta takarda. A buga hoton unguwa daga shafin Field Papers, a ɗauka a je zauren mai unguwa bayan la'asar, a gaisa, a shimfiɗa ta a kan tabarma. Matashi zai nuna layi ya ce, "Baba, wannan lungun ina ya ɓulle?" Dattijo zai sa yatsa ya ce ba ya ɓullewa, tun da aka yi katanga ya toshe, na kusa da shi ne ke fita bakin masallaci, shi ma da damina babur ba ya bi. A rubuta da biro, da dare a shigar a kwamfuta. Wannan bayani babu tauraron da zai gan shi. Hoton sama yana nuna rufin kwano ne, bai san ƙofa ba, bai san suna ba. Google ma ya saki zanen gine-gine sama da miliyan 500 na Afirka a 2021 kyauta, wanda kwamfuta ta ciro daga hotuna, amma sai ɗan unguwa ya ce wannan islamiyya ce, wancan gidan burodi. Akwai kuma gurbin rubuta suna da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ yadda ake faɗa.

Haɗarinta uku ne. Ingancinta ya dogara da wanda ya zauna ya zana, don haka wata unguwar za ka same ta cike, maƙwabciyarta wayam. Kowa na iya gyara, ke nan ɓata-gari ma na iya taɓawa: lokacin da wasan Pokémon Go ya koma kanta a 2017, wasu sun riƙa ƙirƙiro wuraren shaƙatawa na ƙarya, masu lura suna bi suna gogewa. In unguwarku ba mai sa ido, kuskure na iya daɗewa. Na ukun ya fi damuna, shi ne tsaro. A halin da jiharmu ke ciki na satar mutane, kada a kuskura a rubuta sunan mai gida a kan gidansa, ko a nuna gidan wane attajiri. Al'adar OpenStreetMap ma ba ta yarda da sa bayanan mutum na sirri ba, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma tana nan. A zana abin jama'a, a bar na cikin gida. Zariya garin sojoji ne, ga Depot ga Basawa, kada yaro ya je yana ɗaukar hoto a gefen bariki da sunan taswira. Sannan kada a kwafo daga Google a zuba a nan, an haramta, kuma in an gano za a goge aikin.

Kamfanonin ƙwararru

HERE da TomTom da Esri ba don mai shago aka yi su ba. Abin da suke sayarwa shi ne kwangila: alkawarin sabis, mai amsa ƙorafi, lissafin hanyar manyan motoci, da kayan nazari. Kamfanin da ke da tireloli masu yawa a hanyar Kaduna zuwa Kano ko ta Funtuwa zuwa Gusau, ko banki mai neman inda zai buɗe reshe, shi zai ci moriyarsu. Farashi da kuɗin waje ne, ana sabuntawa shekara-shekara, kuma sai da ma'aikacin da ya iya. In an daina biya, lasisi ya tsaya. Ko kamfanin da aka gina a kan buɗaɗɗun bayanai yana iya rufe ƙofa: a ƙarshen 2020 Mapbox ya mayar da babbar manhajarsa ta nuna taswira ta lasisin biyan kuɗi, sai masu amfani suka ɗauki tsohuwar suka ci gaba da ita da sunan MapLibre. Game da sanin lungu, kada ka ɗauka don ka biya za ka samu abin da ba kowa ke da shi ba, tunda wasunsu daga OpenStreetMap ɗin suke cike giɓi. Ga ɗalibi ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, manhajar nazarin taswira ta QGIS kyauta ce kuma tana yin mafi yawan abin da ake nema a manhajar ArcGIS ta Esri.

Safiyo da KADGIS

Wannan ba kishiyar sauran ba ce, aikinta daban, amma dole a sa ta a layi saboda mutane sun fara tsayawa a fili suna nuna ɗigon waya a matsayin iyaka. GPS ɗin waya, ko a sarari, yakan kauce da kimanin mita 5. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 faɗinsa mita 15 ne, ke nan kuskuren waya ya kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin filinka. Da abin da bai kai haka ba 'yan'uwa suka yi shekaru suna zaryar kotu.

Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnan jiha, a Kaduna kuma hukumar KADGIS, da aka kafa a 2015, ita ke kula da rajistar filaye da takardar shaidar mallaka. Awon da hukuma ke karɓa shi ne na safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu safiyo rajista a Najeriya, wanda zai kafa turakun siminti masu lamba ya sa hannu da hatimi. Ana biya da naira, gwargwadon girman fili da wurin da yake, kuma sau ɗaya ne. Takardar na iya kai wa jikoki. Wahalarta bin ofis da jira, haɗarinta kuwa safiyon bogi, don haka a nemi shaidar rajistarsa kafin a ba da ko kwabo. A wannan fanni aikin sa-kai bai girgiza kowa ba, domin abin da ake saya sa hannun wanda zai amsa tambaya a gaban alƙali ne.

Jadawali a taƙaice

| Ma'auni | Google Maps | OpenStreetMap | Kamfanonin ƙwararru | Safiyo da KADGIS |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kyauta a waya, dala ga mai manhaja | Bayanai kyauta, kuɗin horo da na'ura | Kuɗin waje duk shekara | Naira, sau ɗaya |
| Ɗorewa | Sai yadda kamfani ya so | Abin da ka sauke ba mai karɓewa | Har ranar ƙarewar lasisi | Takarda mai ɗorewa |
| Sauƙi | Ya fi kowa | Kallo da sauƙi, zane sai an koya | Sai ƙwararre | Bin ofis da jira |
| Aiki ba data | Hanyar mota kaɗai | Mota, keke da ƙafa | Ya danganta da kwangila | Takarda ce |
| Sanin lungu | Sai an karɓi gyaranka | Gwargwadon zanen 'yan unguwa | Ba tabbas | Filinka kawai |
| Haɗari | Canjin farashi, sirri | Giɓi, ɓarna, tsaro | Tsada | Safiyon bogi |

Wa ya dace da wacce

Kafin komai, gani ya kori ji. Ka zaɓi wurare goma da ka sani kamar tafin hannunka, wasu a Samaru, wasu a Tudun Wada, wasu can cikin birni, ka neme su a Google Maps da Organic Maps. Minti talatin zai nuna maka wacce ta san inda aikinka yake.

In matafiyi ne kai, ko baƙo mai neman asibitin koyarwa na Shika, ko mai shago da ke son masu saye su same shi, Google Maps ta ishe ka, ka sa shagonka a kai yau. Ba laifi ka sa shi a OpenStreetMap ma, minti biyar ne.

Mai tura kaya gida-gida, Hajiya ko Alhaji, ya haɗa biyu. Kowane mai saye ya turo wurinsa ta WhatsApp sau ɗaya, a ajiye lambar wurin a littafin ciniki, ba a kan taswirar jama'a ba. 'Yan acaɓa su sauke Organic Maps saboda ranar da sabis ya ɗauke, lungun da suka ga babu kuma a sa wani yaro mai kwamfuta ya zana shi.

Mai haɗa manhaja da jarinsa naira ne ya fara da OpenStreetMap tun daga tushe, ya koyi MapLibre da ɗaya daga manhajojin fitar da hanya irin OSRM ko GraphHopper. In daga baya ya ga labarin cunkoso ya zame masa dole, ya sayi wannan ɓangaren kaɗai.

Ƙungiyar unguwa, ko masu rigakafi, ko masu bin magudanan da ke zuba a Kubanni, OpenStreetMap ce tasu, don su ne za su riƙe bayanan kuma na bayansu su ɗora. Su fara da izinin mai unguwa da hakimi, su nemi ɗaliban sashen safiyo da na labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ko na kwalejin Nuhu Bamalli su horar da matasa, su kuma naɗa mutum biyu da za su riƙa duba gyare-gyaren yankin duk wata. In za a tashi jirgi maras matuƙi don ɗaukar hoto, sai da izinin hukuma.

Kamfanin manyan motoci ko banki ya nemi farashin HERE ko TomTom ko Esri, amma ya sa a yi masa gwaji a kan hanyoyinsa na gaske kafin ya sa hannu.

Mai sayen fili, mai rabon gado, da mai rikicin iyaka da maƙwabci su ajiye waya gefe, su ɗauko safiyo mai rajista, su kai takardunsu KADGIS.